Daɓen Abu Salim

Tun da na dawo daga Jodan ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk Juma'a in mun taru a unguwar Ulaisha nan Riyad, kafin in ajiye takalmi an fara: Ilyasu ka ga dusar ƙanƙara, Ilyasu yaya abincinsu, Ilyasu ba ka kawo mana tsaraba ba. Ni kuwa ina ta kauce-kauce, ina cewa gajiya ce ba ta sake ni ba. Ba gajiya ba ce, kunya ce. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta a wayarsa, mai dariya ya yi a inda ba na gani.

Don wanda saƙon nan zai kai gare shi bai san ni ba, ni birkila ne, mutumin Funtuwa, na haura shekara ashirin ina zuba kankare a Riyad. Kafilina, wato ubangidan da nake zaune a Saudiyya da sunansa, ɗan kwangila ne, ana ce masa Abu Fahad. Mutanen nan da ke tambayata za su gaya maka ina da hannu mai kyau da baki mai zafi, kuma ba zan musa ko ɗaya ba.

Wata rana Abu Fahad ya kira ni gidansa a Nasiriya, ya ce yana da wani gida a duwatsun Ajlun can Jodan, ƙasar dangin matarsa, inda suke zuwa hutun zafi. Akwai wani dattijo da ke kula da gidan da gonar zaitun ɗin da ke kewaye da shi, Abu Salim. Da sanyi ana ɗumama gidan da boila, wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ke waje a ƙarshen tsakar gida, kuma sai an zuba mata makamashi safe da yamma, in ba haka ba bututun ruwan gidan su daskare su fashe. Bara dattijon ya zame a kan ƙanƙara tsakanin ƙofa da boilar, ya yi kwanaki a kwance. Ɗansa Salim ya rantse in ya sake faɗuwa zai ɗauke shi ya kai shi gidansa a birnin Zarƙa, ya gama da dutse ke nan.

"Mutumin nan in aka raba shi da itatuwan nan ba zai daɗe ba," in ji Abu Fahad. "Ina son a yi masa daɓe daga bakin ƙofa har gindin boila, a binne bututun ruwan zafi a ciki, ƙanƙara tana sauka tana narkewa. Mai bututu yana can. Amma siminti ban yarda da hannun kowa ba sai naka."

Na yi dariya, na ce mu da muka ƙare rayuwarmu muna neman yadda ƙasa za ta yi sanyi, yau kuma za mu je mu hura mata wuta. Amma maganarsa ta ƙarshe ta shige ni, na fita daga gidan kaina ya fi ƙofar girma.

An so mu tafi da kaka, takardun fita da shiga suka yi ta jan ƙafa har sanyi ya kama. Abokin tafiyata direban Abu Fahad ne, Nafi'u, haifaffen Makka, kakanninsa mutanen Haɗeja. Hausarsa kamar tuwon da ba a tuƙa da kyau ba, ko'ina gudajin Larabci. Kawu yake ce mini. Muka cika motar ɗaukar kaya da darduman uwargidan Abu Fahad da kwalayen dabino da kayan aikina, muka kama hanyar arewa.

Ba zan ɓata muku lokaci da hanya ba, yashi ne da kwalta da raƙuma a bayan waya. Mun ci shinkafa da kaza a Buraida, muka wuce Ha'il, muka kwana a Sakaka a wani masauki na ɗakunan haya. Mai tsaron wurin ɗan Bangaladash ne, da ya ji ni ɗan Najeriya ne sai ya kama hannuna ya ƙi saki, wai wani ɗan Kano ya taɓa koya masa dafa wake da shinkafa. Ya ba mu ɗakin da ya ce ya fi kowanne, muka shiga muka tarar na'urar ɗumama ɗakin iska mai sanyi take busawa. Nafi'u ya naɗe a dardumar uwargida ɗaya ya yi ta munshari. Ni na kwana ina tsine wa ɗan Kanon nan da ban sani ba.

A kan iyaka kuma daddawata ta tona mini asiri. Kun san ba na tafiya ba kuka da yaji da daddawa. Jami'in da ke binciken kaya a ɓangaren Jodan ya kwance ledar, ya kai hanci, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya sansana, suka kalli juna. Nafi'u ya yi ta bayani wai magin ƙasarmu ne.

"Ci ake yi," in ji jami'in, "ko binnewa?"

Raina ya ɓaci, na buɗe baki, Nafi'u ya taka mini ƙafa. A ƙarshe suka ba ni abata, da sharaɗin in ƙulle ta a leda biyu in ajiye a bayan mota cikin iska. Har muka bar wurin ina jin suna dariya.

Daga Zarƙa hanya ta fara hawa tana murɗewa, kunnuwana suna toshewa, har muka isa ƙauyen dab da magariba. Abu Salim yana tsaye a bakin ƙofa, gajere, farin gashin baki, jan rawani mai ɗigo-ɗigo, yana ɗan ɗingishi. Ya sumbace ni a kumatu hagu da dama, sannan ya sunkuya ya ɗauki jakata. Na ce subhanallahi, a garinmu ba a haka, mutumin da a shekaru ya haife ni ba zai ɗaukar mini kaya ba. Ya ce a nan kuma baƙo ba ya ɗaukar kaya. Muka yi ta ja, shi da hannu ɗaya ni da ɗaya, har Nafi'u ya ce Kawu ka saki, ba za ka ci wannan faɗan ba. Na saki, na bi bayan tsoho yana ɗingishi da jakata.

Ya sauke mu a ɗakin ƙasa kusa da nasa, da barguna masu nauyi kamar an ɗora maka buhun gero. Matarsa ta rasu, shi kaɗai yake zaune. Da asuba na fita alwala a famfon waje, na fito da gadara don ina ganin na san sanyi a Riyad. Ruwan ya taɓa hannuna na manta niyya. Daga ranar kullum sai in tarar da buta da ruwan ɗumi a bakin ƙofata, bai taɓa cewa shi ya ajiye ba.

Kashegari Salim ya zo daga Zarƙa don karrama baƙin babansa, aka yi mansaf. Shinkafa ce da naman rago a faranti ɗaya babba, a kwarara musu wani farin romo na busasshen nono mai tsami. A tsaye ake ci, an kewaye farantin, hannun hagu a bayan ƙugu. Na tuna yadda mahaifiyata take dukan duk wanda ta kama yana ci a tsaye, na ce Allah Ya jiƙanta, gara da ba ta gani ba. Tsamin ya fi ƙarfina, na faki ido na barbaɗa yaji a gabana. Tsohon ya gani, ya miƙo hannu a sa masa. Ya kai baki, ya yi ta tari har hawaye, yana dariya yana dukan kafaɗata. Daga nan kullum da safe sai ya nemi a barbaɗa masa a kan ƙwai.

A wurin cin nan Salim ya maimaita rantsuwarsa a gabana. Malamin makaranta ne, mai sanyin magana, amma ka ga mutumin da ba ya faɗa ya janye.

"Mu'allim," ya ce mini, haka suke kiran gwanin sana'a, "ka yi aikin nan da kyau. Na gaya wa Baba, in ya sake faɗuwa ko sau ɗaya ne, ba shawara zan yi da shi ba."

Abu Salim ya ce, "A Zarƙa in ka leƙa taga ba abin da za ka gani sai shanyar maƙwabta. Mu'allim ya zo yanzu, ka bar maganar nan."

Da yamma ya zaga da ni gonar. Kowane itace da labarinsa, wannan mahaifinsa ya dasa tun kafin a sayar da filin, wancan tsawa ta taɓa raba shi biyu ya sake tohowa. Ya nuna mini boilar da abin da take ci, jift suke ce masa, wato dusar zaitun bayan an matse mai, kamar dai tunkuzar gyaɗa a wurinmu, a busar a riƙa zubawa a wuta. Ya tsaya a inda ya faɗi bara, ya buga ƙasa da sandarsa, ya ce, "Nan kawai za ka gyara mini, in mutu a gidana."

Mai bututun sunansa Ra'id, daga Irbid yake zuwa, da leburori biyu 'yan Masar. Mun haƙe hanyar, faɗinta ya ishi mutum da baro, muka zuba tsakuwa muka daddaɓe. Na ba ta gangara kaɗan zuwa gefe ɗaya don ruwan da ya narke ya samu wurin tafiya, kuma na yi alfahari da gangarar nan. A wannan gefen akwai wata tsohuwar matakalar dutse da ke sauka ta bayan boila. Ta nan Abu Salim yake zagayawa da bokitinsa tunda mun tare masa hanya.

Daga nan aikin ya fita daga abin da na sani. Ra'id ya kawo wasu fararen alluna marasa nauyi, irin abin da ake tare sabon firiji da shi a kwali, ya ce a shimfiɗa a kan tsakuwa. Na ce kankare a kan wannan abin? Ya ce in babu shi zafin ƙasa zai bi, ba sama ba. Aka ɗora ragar rodi, aka ɗaga ta da 'yan duwatsu. Sannan ya warware jan bututun roba, ya yi ta kai shi yana dawo da shi daga wannan gefe zuwa wancan, tazarar kamar taƙi ɗaya na hannu, muna ɗaurewa a jikin raga. Bakunan bututun biyu suka fito a gindin boila. Ya hura iska a ciki ya sa agogon awon iska, ya ce in allurar nan ta sauka lokacin zubi to wani ya huda masa bututu. Ba ruwa zalla za a sa ba in an tashi haɗawa, sai an gauraya da maganin hana daskarewa, irin na lagireton mota.

Mutumin ya san aikinsa, wannan gaskiya ce. Amma bai iya magana ba. Kada ka taka nan, ɗaga shebur ɗinka, ba haka ake ɗauri ba, duk a gaban leburori. Ni da nake gyara wa mutane a Malaz da Ulaisha, yau yaron da bai kai ƙanena ba yana nuna mini da yatsa. Na yi ta haɗiyewa, abin yana taruwa.

Ranar zubi motar kwaɓi ta kasa hawowa, muka yi ta jido da baro. Allurar Ra'id ba ta motsa ba. Na baje, na goge, na bi da tsintsiya don fuskar ta yi kaushi kada ta yi santsi. Ina durƙushe bayana kamar zai karye, sai ga Abu Salim da tiren shayi. Ya tsaya yana kallo, ya ce, "Mu'allim, simintin sanyi a nan, mu abin da muke yi..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Duk abin da na tara wa Ra'id a kan tsohon nan na sauke.

"Ya Haj, tun da na zo na taɓa gaya maka yadda za ka yi da zaitun ɗinka? Ka bar ni da simintina."

Leburorin suka sunkuyar da kai. Ya ajiye tiren a kan dutse, ya ɗora hannu a ƙirji, ya ce, "Gaskiyarka, mu'allim." Ya juya ya tafi. Da daddare ya kawo mana abinci kamar kullum, ya tambaye ni lafiyar iyalina a Funtuwa, amma bai sake cewa komai a kan aikin ba.

Kafin Ra'id ya tafi ya sa aka rufe daɓen da leda da tsofaffin barguna. Ya ce a bar shi haka, kuma ba za a sakar masa ruwan zafi ba sai ya yi kamar wata guda ya ƙeƙashe. Na ce to. A raina na ce mai bututu me ya sani game da siminti.

Ku da kuke aikin gini kun san abin da zan faɗa. A Riyad sabon daɓe in bai sha ruwa ba ya tsattsage kamar faso. Safe da yamma ake ba shi, har ya ƙoshi. Na kori leburori a kan wannan ba ɗaya ba ba biyu ba. Haka aka koya mini a Funtuwa, haka na yi shekara ashirin ina yi, hannuna yana yi ko kaina bai sa shi ba. Sabo turken wawa.

Kashegari rana ta fito tarwai, sama ba gajimare ko ɗaya. Bayan la'asar na ɗaga bargo na ga fuskar daɓen ta fara yin fari. Ban yi tunanin komai ba wallahi. Na yaye rufin, na jawo tiyo, na ba shi ruwa sosai daga ƙofa har boila, ina 'yar waƙata. Ruwan ya bi gangarar nan tawa yadda na tsara, ya sauka gefe, ya malale a kan matakalar dutse yana bin ta ɗaya bayan ɗaya. Na mayar da barguna, na zauna a bakin ƙofa ina kallon aikina har aka kira magariba. Wurin cin abinci Abu Salim ya leƙa sama ya ce yau sanyin zai yi cizo. Na ce Allah Ya kai mu, na ci na ƙoshi na kwanta.

Ƙarar bokiti ce ta tashe ni, kafin kiran asuba. Na ji yana gangarawa yana bugun dutse, sai kuma shiru. Na fita da gudu ba takalmi. Ina sa ƙafa a matakalar farko ƙafafuna suka tafi, na zauna daɓas. Na dafa dutsen don in tashi, na ji shi sumul kamar gilashi. A nan zaune, tun kafin in ga tsohon, na san abin da na yi.

Yana kwance a ƙasan matakalar, ƙafarsa ɗaya ta juya yadda ƙafa ba ta juyawa. Gishiri ya watse ko'ina, har a gashin bakinsa, ban gane na mene ne ba a lokacin. Ba ya nishi, salati kawai yake yi a hankali. Da ya gan ni ina rarrafowa sai ya ce, "A hankali, mu'allim, akwai santsi."

Nafi'u ya fito, muka ɗora shi a kan bargo muka zagaya da shi ta cikin gona zuwa mota. A asibitin garin suka ce ƙashin kwatangwalo ne ya karye, sai an yi aiki an sa ƙarfe. Salim ya iso kafin azahar. Bai yi wa kowa faɗa ba, ya zauna ya riƙe hannun babansa.

Bayan an yi aikin da kwana ɗaya Abu Fahad ya kira wayar Salim, aka sa kowa yana ji. Ransa a ɓace yake. Ya ce ya turo mutum tun daga Riyad don kada wannan ya faru, to yaya aka yi, ruwa daga ina a kan matakala alhali ba a yi ruwan sama ba? Ina tsaye a gefen gado da kofin shayi a hannuna. Tsohon ya miƙa hannu aka kara masa wayar.

"Raɓa ce ta daskare, Abu Fahad, kamar kowace shekara. Tsufa ne kawai. Mu'allim ya yi aikinsa, ba a taɓa kawo mana irinsa ba."

Nan ne ya kamata in yi magana. Ni mai bakin da bai ragar wa jami'in kan iyaka ba sai da aka taka ni, ni da na yi wa dattijo tsawa a gaban leburori. Na tsaya ina kallon shayi har aka kashe wayar. Iƙamata na tuna, takardar izinin zamana a Saudiyya, da yarana, da sunana a wurin Abu Fahad. Ba zan yi muku ƙarya in ce wani abu ne daban ba.

Abin ya hana ni sakat. Da Salim ya fito waje na bi shi, na tare shi a bakin baranda, na ce masa ba raɓa ba ce, ni na ba daɓen ruwa da yamma. Ya dube ni, ya cire tabarau ya goge.

"Na sani, mu'allim. Baba ya gaya mini. Yana kallonka ta taga lokacin da kake yi."

Na ce to me ya hana shi tsayar da ni?

"Ya ce ka riga ka gaya masa ya bar ka da simintinka, kuma kai baƙonsa ne. In ya fito da gishiri kana zaune a bakin ƙofa, kamar ya ce maka ba ka iya aikinka ba ne. Sai ya bari ya tashi kafin ka tashi, ya barbaɗa a matakalar, ƙanƙarar ta narke ba ka ma san an yi ba. Yana tsoron kada ka fito alwala ka zame."

Da Salim ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na ce zan kira Abu Fahad yanzu in faɗa masa gaskiya. Ya girgiza kai.

"Baba ya riga ya yi magana. Za ka mai da shi maƙaryaci yana kwance a gadon asibiti? Ya rufa maka, ka bar shi a rufe."

Na ce to rantsuwar fa, tunda ba laifin ƙafarsa ba ne, ba laifin dutse ba ne, laifina ne, kuma nan da wata guda daɓen zai fara aiki. Na roƙe shi kamar yadda ban taɓa roƙon mutum ba. Ya ce ko ya janye rantsuwa likita ba zai janye ba, an ce ba shi ba hawa da gangara, ba shi ba ɗaukar bokiti. Ya dafa kafaɗata ya koma ciki.

Mun ƙara kwanaki a ƙauyen, ni da Nafi'u muna zuba wa boila jift har Abu Fahad ya samo wani saurayi da zai zauna a gidan. Daɓen bai lalace ba, bargunan sun cece shi, kusurwa ɗaya ce kawai ta ɓare na gyara. Ban taɓa tsanar aikin hannuna ba sai a kwanakin nan. Nafi'u, da ba ya rufe baki, shayi kawai yake zuba mini ya ce sha Kawu.

A hanyar dawowa muka tsaya a Zarƙa. Gidan Salim a bene yake, can sama, an ɗauko tsohon a kujera aka hau da shi. Na tarar an sa masa gado a jikin taga. Ya rame a 'yan kwanakin nan, ba rawani, kansa ƙarami. Na durƙusa a gaban gadon kamar yadda ake yi a garinmu, na ce Ya Haj ka yafe mini, da ruwan da maganar da na faɗa maka. Ya sa hannu yana ƙoƙarin ɗaga ni.

"Tashi, mu'allim, ba a durƙusa wa mutum. Ka ci abincina, ba wata yafiya tsakaninmu. Daɓen bai tsage ba ko?"

Na ce bai tsage ba. Ya ce alhamdu lillahi. Ya sa Salim ya kawo garwar man zaitun daga rabonsa na bana, wai in kai wa iyali. Na ƙi, ya ce in na ƙi ya yi fushi. Na sauko daga benen nan da garwa a kafaɗa, ina share fuska da hannun riga, yaran unguwa suna kallona.

Dawowa ba abin da zan ba ku labari, hanyar da muka bi ita muka biyo. Abu Fahad ya tarbe ni da yabo, na karɓa ina kallon ƙasa, har yau kuma bai sani ba. Ba ya jin Hausa, ku ma kada wanda ya yi mini fassara.

Dusar ƙanƙarar da kuke tambaya ban gan ta da idona ba. Bayan mun dawo da kamar wata ɗaya da rabi Salim ya turo mini hoton bidiyo da sabon mai gadin ya ɗauka. Komai ya yi fari, rufin gida, itatuwa, matakalar dutse duk ta nutse. A tsakiya ga daɓen nan baƙi wuluk daga ƙofa har boila, yana ɗan tururi, ko ɗigo bai zauna a kansa ba. Ra'id ya haɗa, ya yi aiki daidai yadda aka so.

A ƙarƙashin hoton akwai saƙon murya. Salim ya ce ya nuna wa Baba, ya kalla ya sake kalla, ya ce a gaya wa mu'allim hannunsa ya yi albarka. Sannan tsohon ya tambaya ko saurayin ya san cewa itatuwan da ke bayan rijiya ba a rage musu rassa sai sanyi ya wuce. Salim ya ce ya amsa masa da eh, ya sani. Amma saurayin bai san komai a kan zaitun ba, don zuba wa boila jift kawai aka ɗauke shi.